Shekara Goma Sha Uku: Tarihin Makarantar Wuni ta Yahudawan Amurka

Yau za mu ƙetare teku mu leƙa wani aji a Amurka. Mun san a 'yan shekarun nan sunan Yahudawa ba ya shiga kunnenmu sai tare da labarin siyasa da yaƙi. Wannan muƙala ta aji ce da littafi da malami. Mun ɗauko ta ne saboda tarihinta ya tsaya a kan tambayar da ta shafi duk mai rubutu: a wace shekara yaro yake zama mai karanta littattafan mutanensa da kansa, kuma awa nawa yake bukata kafin ya kai nan?

A makarantun Yahudawa da dama a Amurka, yaro ɗan shekara 10 ko 11 yana fara karatun Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malamansu, da babin tsintuwa. Mutum ya tsinci kuɗi a warwatse a kan hanya, nasa ne ko sai ya yi cigiya? Littafin ya ce nasa ne, domin ba su da alama, mai su kuma ya riga ya fid da rai. In kuwa a cikin jaka suke, to akwai alama, dole a yi cigiya. Sai a zo ga mai wuyar: idan mai kayan bai ma san sun faɗi ba tukuna, ana lissafa shi a wanda ya fid da rai? Malamai biyu da suka rayu a ƙarni na 4 a ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, Abaye da Rava, sun saɓa a kan haka. Yara bibbiyu za su zauna suna jayayya a kai da Turanci, alhali nassin da ke gabansu da Ibrananci da Aramanci yake. Da an kaɗa ƙararrawa, yaran nan su ne za su shiga ajin lissafi da kimiyya.

Irin wannan makaranta ita muke kira makarantar wuni. Ba je-ka-ka-dawo kawai ake nufi ba kamar yadda muka saba bambanta ta da ta kwana. Ana nufin makarantar da ta riƙe yaro daga safe zuwa yamma, ta ba shi ilimin addininsa da na zamani a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ajujuwan da muka fi mayar da hankali a kansu su ne na midil, aji 6 zuwa 8, 'yan shekara 11 zuwa 14.

Tsohon tsari

Talmud ya ruwaito cewa wani babban limamin Haikalin Ƙudus mai suna Yehoshua ben Gamla, wanda ya riƙe muƙamin wajen shekara ta 64 miladiyya, shi ya sa aka naɗa malaman yara a kowane gari, yaro ya fara zuwa yana ɗan shekara 6 ko 7. Kafin nan uba ne ke koyar da ɗansa, maraya kuwa ya tashi haka nan. A wurin ne kuma aka ƙayyade yawan ɗalibai: malami ɗaya ga yara 25, in sun kai 40 a ba shi mataimaki, in sun kai 50 a kawo malami na biyu. Wani tsohon littafin hikimominsu, Pirke Abot, ya raba karatu bisa shekaru. Ɗan shekara 5 ya fara Attaura, ɗan 10 ya shiga Mishna, wato tarin hukunce-hukuncen da aka haɗa wajen shekara ta 200, ɗan 13 hukunci ya hau kansa, ɗan 15 ya shiga Talmud. Ke nan tun a wancan zamani an ɗauki tsakanin shekara 10 da 15 a matsayin gadar da yaro ke ƙetarewa daga maimaita abin da aka biya masa zuwa fahimta da jayayya.

A Gabashin Turai, musamman Poland da Lituweniya da yankunan daular Rasha, wannan tsari ya rayu ɗaruruwan shekaru a cikin abin da suke kira heder, ma'ana ɗaki. Ɗaki ne a gidan malamin, iyaye ke biyan sa, yara maza su wuni suna biya karatu da ƙarfi, ana fassara musu kalma-kalma zuwa Yidish, harshen da suke yi a gida. A wasu wurare, ranar da yaro ya fara zuwa ana shafa zuma a kan haruffan da aka rubuta masa a allo ya lashe, don karatu ya yi masa zaƙi. Amma waɗanda suka yi rubutu a kan ƙuruciyarsu a heder sun fi tuna cunkoso da bulala. Lissafi da harshen ƙasa ba sa cikin karatun, 'yan mata kuma galibi a gida suke.

Ilimin zamani ya ƙwanƙwasa ƙofa

A 1778 wasu attajiran Yahudawa a Balin ta Jamus, cikinsu har da David Friedländer, suka buɗe makarantar da ke koyar da Jamusanci da Faransanci da lissafi. A 1782 Naftali Herz Wessely ya fitar da wata ƙasida yana cewa yaro ya san ilimin da dukan 'yan Adam suka yi tarayya a kai, ba na addini kaɗai ba. Manyan malamai irin su Yehezkel Landau na Prag suka yi masa ca a wa'azi. Tsoronsu bai tashi a banza ba, domin 'ya'ya da jikokin da yawa daga masu wannan ra'ayi sun bar addinin gaba ɗaya.

Wanda ya nuna ana iya riƙe biyun shi ne Rabbi Samson Raphael Hirsch, malami mai tsananin riƙo da gargajiya, wanda ya buɗe makaranta a Frankfurt a 1853. A can ana koyar da Attaura da Talmud tare da adabin Jamusanci da kimiyya, kuma 'yan mata ma suna karatu. A 1917 wata tela a Krakow, Sarah Schenirer, ta lura cewa 'yan matan gidajen malamai suna zuwa makarantun gwamnati suna dawowa baƙi a gidajen iyayensu, sai ta tara yara mata ta fara koyar da su. Kafin ta rasu a 1935, makarantun Bais Yaakov da suka tsiro daga nata ɗakin sun bazu a faɗin Poland.

Amurka da makarantar yamma

A Amurka labarin ya bi wata hanya dabam. A tsakiyar ƙarni na 19 majami'u da dama sun buɗe makarantun wuni, amma yawancinsu sun rufe kafin ƙarshen shekarun 1870, domin makarantun gwamnati sun inganta kuma kyauta ne. Abin da ya dawwama shi ne makarantar Lahadi, irin wadda Rebecca Gratz ta kafa a Filadelfiya a 1838, awa kaɗan sau ɗaya a mako.

Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa sama da miliyan 2 suka kwararo daga Gabashin Turai, suna gudun talauci da hare-hare. Ga baƙon da ya sauka a New York ba ya jin Turanci, makarantar gwamnati ita ce ƙofar da ɗansa zai bi ya zama ɗan ƙasa, ya bar keken ɗinki ya zama likita ko lauya. Saboda haka sai aka tura karatun addini zuwa bayan la'asar, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayan shaguna, a hannun malaman da wasunsu sun kama koyarwa ne don sun rasa wata sana'a. Yaron da ya wuni a aji mai haske da taswira a bango yana shiga irin wannan ɗaki ya gane wa aka fi girmamawa. Binciken da Mordecai Kaplan da Bernard Cronson suka yi a New York wajen 1909 ya nuna cewa yaran Yahudawan birnin da ke samun kowane irin karatun addini ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

A 1910 aka kafa hukumar ilimin Yahudawa ta New York, aka ba Samson Benderly shugabanci. Haifaffen Safed ne, ya karanta likitanci a Baltimore, ya ajiye shi ya kama koyarwa. Ya kawo littattafai masu matakai, da horar da malamai, da koyar da Ibrananci da Ibrananci ba tare da fassara ba. Amma bai yarda da makarantar wuni ba. A ganinsa za ta killace yara daga sauran Amurkawa, don haka yaro ya je makarantar gwamnati da safe, ya zo tasu da yamma. Wannan ra'ayi shi ya yi rinjaye shekaru da dama.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne shekara 13. A wannan shekara ake yi wa yaro bikin bar mitzba, ya tsaya a majami'a ya karanta wani yanki na nassi a gaban jama'a, alamar hukunci ya hau kansa. Iyaye da yawa sun ɗauki makarantar yamma a matsayin wurin shirya wannan rana kawai. Yaro ya haddace yankinsa da jawabinsa, a yi walima, a ba shi kyaututtuka, washegari ba a ƙara ganin sa ba. Shekarar da tsohon tsari ya sa ta zama mafarin karatu mai zurfi sai ta koma ranar sallama. Da iyalai suka koma unguwannin bayan gari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kwanakin makarantar yamma ma suka riƙa raguwa, daga biyar a mako zuwa uku, a wasu wurare biyu. Da irin wannan lokaci yaro zai iya furta haruffa, amma ba zai iya buɗe littafi shi kaɗai ya gane ba.

Yadda makarantar wuni ta kafu

Akwai 'yan tsirarun da tun farko ba su bi wannan hanya ba. A 1886 aka buɗe Etz Chaim a unguwar baƙi ta New York, inda yara ke wuni a kan Talmud, a ba Turanci da lissafi ɗan lokaci a ƙarshen rana. Ɗaya daga malaman Turancinta na farko shi ne Abraham Cahan, wanda daga baya ya zama editan babbar jaridar Yidish ta Forverts. A 1916 Bernard Revel ya buɗe sakandaren da ta haɗa Talmud da cikakkiyar manhajar gwamnati.

Doka ma ta kusa rufe wannan ƙofa. A 1922 masu zaɓe a jihar Oregon suka amince da dokar da ta tilasta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 16 zuwa makarantar gwamnati. Wata ƙungiyar sistocin Katolika ta kai ƙara, a 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar. Shari'ar da Kiristoci suka ci ita ta tabbatar wa Yahudawa, da kowa ma, 'yancin buɗe makarantar addini mai zaman kanta.

Daga nan sai sababbin makarantu suka fara fitowa. Yeshiva ta Flatbush a Brooklyn ta buɗe a 1927, tana koyar da darussan addini da Ibrananci zalla, maza da mata. A 1937 Rabbi Joseph Lookstein ya kafa Ramaz a Manhattan, a shekarar kuma Rabbi Joseph Soloveitchik da matarsa Tonya suka kafa Maimonides a Boston, wadda ta yi suna da koya wa 'yan mata Talmud tare da maza. Waɗannan makarantu sun yi ƙoƙarin nuna wa iyaye cewa ɗalibinsu zai iya shiga kowace jami'a a ƙasar.

Abin da ya juya lamarin gaba ɗaya shi ne abin da ya faru a Turai. Dokar shige da fice ta 1924 ta riga ta toshe kwararar baƙi. Sai kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan 6 ya shafe garuruwan da Amurka ke samun malamai da littattafai daga cikinsu. Rijiyar da ake ɗiba ta ƙafe, dole a haƙa ta gida. A 1944 Shraga Feivel Mendlowitz, wani malami a Brooklyn da ya ƙi yarda a kira shi Rabbi, ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah da burin a samu makarantar wuni a duk garin da ke da Yahudawa masu ɗan yawa. A lokacin makarantun ba su kai 100 ba, kuma mafi yawansu a New York suke. Wakilan ƙungiyar suka riƙa bin gari-gari suna lallashin iyayen da ke ganin cire yaro daga makarantar gwamnati tamkar juya wa Amurka baya ne.

Da farko harka ce ta masu riƙo da gargajiya, waɗanda ake kira Otodoks. Masu matsakaicin ra'ayi, wato Konsabatib, sun bi sahu a shekarun 1950 da makarantun da suka sa wa sunan Solomon Schechter. Ɓangaren Rifom, mafi sassauci, ya daɗe yana adawa, sai a 1985 babban taronsu ya amince da makarantun wuni. Ƙidayar 1990 ta ce kashi 52 cikin 100 na Yahudawan da suka yi aure a 'yan shekarun da suka gabace ta sun auri waɗanda ba Yahudawa ba. Daga baya an gyara adadin zuwa ƙasa da haka, amma tsoron da ya haifar ya sa attajirai zuba kuɗi a makarantu. Ƙidayar da gidauniyar Avi Chai ta yi a zangon 2018 zuwa 2019 ta samu makarantu 906 da ɗalibai kusan 292,000.

Abin da ɗan midil ke karantawa

Yawan lokacin darussan addini ya danganta da makaranta. A wasu rabin wuni ne ko fiye, a wasu kamar sulusi. A firamare yaro ya koyi haruffa da addu'o'i da labaran Attaura. A midil ake sa ran ya fara tsayawa da ƙafarsa. Zai karanta Attaura tare da sharhin Rashi, malamin da ya rayu a Troyes ta Faransa daga 1040 zuwa 1105, kuma sharhin ana buga shi da wani salon haruffa dabam marasa wasali, wanda sai an koya masa shi daga farko. Zai shiga littattafan annabawa, da Mishna, da hukunce-hukuncen Asabar da abinci da bukukuwa, da Ibranancin zamani, da tarihin Yahudawa har da kisan kiyashi. Makarantu da yawa suna rufe aji 8 da tafiya zuwa Isra'ila. Ba duka ba ne, domin akwai ɓangarorin Hasidi irin su Satmar da ke adawa da aƙidar Sahyoniyanci, suna koyarwa da Yidish.

Shafin Talmud da ake ɗora wa yaron shi kansa tarihi ne. Nassi yana tsakiya, sharhin Rashi ta gefen ciki, na almajiransa da zuriyarsa ta gefen waje. Lambobin shafukan da ake bi har yau daga bugun da wani Kirista mai ɗab'i, Daniel Bomberg, ya yi a Venis ne tsakanin 1520 da 1523. Nassin a tsohon bugu ba shi da wasali, ba shi da alamar tambaya, sai mai karatu ya gane da kansa inda tambaya ta ƙare amsa ta fara. Shi ya sa ake zaunar da su bibbiyu, tsarin da suke kira habruta: ɗaya ya karanta ya fassara, ɗayan ya ƙalubalance shi. Shi ya sa kuma ake farawa da babin tsintuwa. Ɗan shekara 11 ya taɓa tsintar abu, ya taɓa yar da nasa, yana da ra'ayi a kai tun kafin ya buɗe littafin.

A waɗannan shekaru ne bar mitzba ke faɗowa, da takwaransa na mata, bat mitzba, wanda aka fara yi a fili a Amurka a 1922 ga Judith, 'yar Mordecai Kaplan ɗin nan mai bincike. Bambancin shi ne ɗan makarantar wuni yana komawa aji ranar Litinin bayan biki, darasi ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Abin da ya ci

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma makarantun nan ba su ƙaryata maganar gaba ɗaya ba. Wuni ya yi tsawo, yara suna gajiya. Manhaja biyu na bukatar malamai kashi biyu, tsarin mulkin Amurka kuma ya taƙaita tallafin gwamnati ga makarantun addini, don haka a manyan birane kuɗin makarantar yaro ɗaya kan kai dubban daloli masu yawa a shekara. Otodoks ba su wuce kusan kashi 10 cikin 100 na Yahudawan Amurka ba, amma su ne mafi rinjayen ɗaliban, wato yawancin sauran yaran har yanzu makarantar yamma suke zuwa ko ba sa zuwa ko'ina. Makarantu da dama na waɗanda ba Otodoks ba suna tsayawa a aji 8, wasu iyaye ma suna cire 'ya'yansu tun a bakin midil. Matsalar shekara 13 ta matsa gaba kaɗan, ba ta tafi ba. Ta ɗaya gefen, a 2022 jaridar New York Times ta wallafa binciken da ya nuna wasu makarantun maza na Hasidi suna ba Turanci da lissafi lokaci ƙalilan, abin da ya ƙara rura takaddama tsakaninsu da hukumomin ilimi na jihar. Jayayyar Wessely da Landau ce ta sake dawowa bayan shekara 240.

Mu da muke son rubutu, akwai abin ɗauka a nan. Chaim Potok, wanda aka haifa a New York a 1929, ya tashi a irin waɗannan makarantu. A 1967 ya fitar da ƙagaggen labarinsa The Chosen, wanda ya buɗe da wasan ƙwallo tsakanin makarantun Yahudawa biyu a Brooklyn, kuma wasu daga wuraren da suka fi kama mai karatu a ciki zaman jayayya ne a kan shafin Talmud. Littafin ya samu karɓuwa a wurin mutanen da ba su taɓa ganin harafin Ibrananci ba, domin marubucin ya san ajin da yake bayarwa labari ciki da bai: abin da ake karantawa, yadda ake zama, abin da uba ke tsoro. Wanda zai rubuta labarin wata al'umma, tasa ko ta wasu, ya fara tambayar me ɗan shekara 12 yake karantawa a cikinta, da wane harshe, awa nawa a mako, kuma a wace shekara yake dainawa.

Muna jiran gyara da ƙarin haske daga gare ku kamar kullum. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.